Yadda ɗan tayi ke girma a mahaifa

Ma'aikatan lafiya suna ƙirga juna biyu da makonni 40, daga ranar farko ta jinin haila na ƙarshe. Wajen mako na 6 zuciyar ɗan tayi take fara bugawa, alhali sau da yawa uwar ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Kafin mako na 12 kusan duk gaɓoɓinsa sun samu, tsawonsa kuwa bai wuce ɗan yatsa ba. Watanni ukun farko su ne mafi hatsari: maganin da aka sha ba tare da shawarar likita ba, ko jiƙon da ba a san haɗinsa ba, na iya lahanta shi.

Abinci da iska ta igiyar cibiya suke isa gare shi daga mabiyiya. Tsakanin mako na 16 da na 24 uwa ke jin motsin farko. Huhu ne ke jinkirin nuna, shi ya sa bakwaini ke fama da numfashi.

Da awon ciki ake bin wannan girma, amma a Gatawa da ƙauyukan Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga suka wahalar da tafiya, awon ciki kan gagari mata da dama. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar zuwa awo sau 8. A wurin awon ake ba da maganin ƙarin jini, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu.

Maigida, da zarar an ga jini, kumburin fuska ko motsi ya ɗauke, a nufi asibiti a ranar.