3.2 Digiri da Lasisin Aiki: Matsayin Ɗalibin Yankin Ka'oje

A wannan sashe za a yi bayani ne kan dangantakar da ke tsakanin digirin jami'a da lasisin aiki, tare da duba yadda al'amarin ya shafi ɗaliban Ka'oje, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Benin.

Da farko, a Nijeriya digiri kaɗai bai isa ya ba mutum damar yin wasu ayyuka ba, kamar likitanci da lauyanci da injiniyanci da koyarwa. Kafin a kai ga haka, sai kwas ya tsallake tantancewa iri biyu. Ta farko ita ce ta Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda ke duba manhaja da malamai da kayan aiki. Ta biyu kuwa ta hukumar da ke kula da sana'ar ce. Misali, Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1963, ita ke ziyartar kwalejojin likitanci, ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da za su ɗauka. Ɗalibi kan yi shekara 6, sannan ya yi shekara 1 ta horo a asibiti kafin ya sami cikakkiyar rajista. Haka kuma mai digirin lauya sai ya je Makarantar Horar da Lauyoyi, malamin makaranta kuma sai ya yi rajista da majalisar TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan hukumomi duk na Gwamnatin Tarayya ne. Saboda haka, ɗan Ka'oje da ya karanta likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, zai iya aiki a Birnin Kebbi ko Kano ko Legas da lasisi ɗaya. Wannan ya saɓa wa tsarin Amurka, inda kowace jiha ke bayar da nata lasisin.

Matsalar takan taso ne idan aka tsallake iyakar ƙasa. Mutanen Bagudo da na Segbana a Benin suna cuɗanya ta fuskar kasuwanci da auratayya, amma tsarin karatunsu ya bambanta. Benin na bin tsarin Faransa, inda digirin farko ke ɗaukar shekara 3. Duk wanda ya dawo da takardar can, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta, idan likita ne kuma sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci.

 Bugu da ƙari, a Disamba 2023 ɗan jarida Umar Audu ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6. A ranar 2 ga Janairu, 2024, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, a watan Agusta kuma Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce jami'o'i 5 kacal aka amince da su a Benin.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kusancin makaranta ko sauƙin samun gurbi ba su ne ma'auni ba. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Ya kamata iyaye su binciki matsayin jami'a da na kwas ɗin kansa tun kafin su sayar da hatsi ko shanu su biya kuɗin makaranta.