A Auna Hukunci Da Mudun Laifi

Zancen da na zo da shi yau, da jin farko za ki ce na samari ne da alƙalai, babu ruwan mata a ciki. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe, domin ranar da ɗan sanda ya yi sallama a ƙofar gida, uwa ce ke fara rasa barci.

Ki tuna dandali. Da, in an yi sallar lisha, farin wata ya fito, yara su kan fita, maza su yi langa, mata su yi gaɗa, ke kuwa kina tsakar gida kina jiyo muryar naki. To, yanzu dandalin ya koma cikin waya. Yaro yana zaune a zaure, amma wasa ya ke yi da wani yaro a Kano, da wani a Masar, da wani a Amurka, duk a lokaci guda. Abin da ke haɗa su wata babbar na'ura ce ta kamfanin da ya ƙirƙiro wasan, wadda masu sana'ar su ke kira saba. Ita ce filin dandalin. Kamfani ya share shi, ya kewaye shi, ya sa mai tsaron ƙofa, wani wasan ma sai ka biya kowane wata kāna ka shiga.

Sai a sami wani mai wayon kwamfuta ya kwaikwayi filin nan, ya buɗe nasa a bayan fage ba da izinin mai wasan ba, ya ce kowa ya zo. Wani kyauta ya ke buɗewa don sha'awa, wani kuwa sayar wa 'yan wasa ya ke yi da kayan ado da makaman cikin wasan, yana tara kuɗi. Wannan shi ne laifin da mu ke magana a kai. Tambayar kuwa ita ce: in an kama shi, me ya dace a yi masa?

Labarin wata mata a Amurka

Akwai wani wasa mai suna World of Warcraft, na kamfanin Blizzard da ke jihar Kalifoniya. An fito da shi a 2004, kuma a 2010 masu biyan kuɗin shigarsa sun kai miliyan 12. Wata mata ta buɗe nata dandalin na wasan nan, ta sa masa suna Scapegaming, tana karɓar kuɗi daga 'yan wasa. Kamfani ya kai ta ƙara a 2009. Aka aika mata da sammaci, ba ta je ta kare kanta ba. A watan Agusta na 2010 kotu ta yanke hukunci a bayan idonta.

Ga yadda aka yi lissafin, ki bi shi a hankali kamar yadda ki ke bin lissafin adashi. Kuɗin da aka ce sun shigo hannunta dala 3,052,339 ne, aka ce ta mayar. Kuɗin lauya dala 63,600. Har nan babu mai gardama. Sa'an nan aka ɗauko wata dokar Amurka ta 1998, wadda ta ce duk wanda ya ƙetare makullin da mai abu ya sa wa kayansa na kwamfuta, zai biya daga dala 200 zuwa 2,500 a kan kowane karo. Aka ƙidaya mutanen da su ka yi rajista a dandalinta, aka sami 427,393. Aka buga kowane kai da dala 200, ya tashi dala 85,478,600. Jimla duka dala 88,594,539. Watau abin da aka ɗora mata ya yi kusan ninki 29 na abin da ta ci.

Bayan shekara biyu, a 2012, aka yi irin wannan shari'a kan wani wasa mai suna MapleStory, na kamfanin Nexon. Nan ma wanda a ke ƙara bai zo ba. Alƙali ya ɗauki mafi ƙarancin abin da doka ta yarda, dala 200, ya buga da mutum 17,938, ya tashi kusan dala miliyan 3.6. Shi kansa alƙalin ya nuna cewa kuɗin sun yi yawa ainun, amma doka ta ɗaure masa hannu, ba shi da ikon saukowa ƙasa da haka. A Koriya ta Kudu kuwa, majalisa ta gyara doka a ƙarshen 2016, ta fara aiki a 2017, ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai won miliyan 50, ga masu irin wannan aiki.

Mai abu yana da haƙƙi

Kada ki ɗauka ina goyon bayan masu cin gumin wani. Ko kusa. Ki ɗauka ke ce ki ka yi shekaru kina gyara hannunki a dakan fura har sunanki ya fita, sai wata ta zo ta kafa ƙwarya a ƙofar gidanki, tana sayar da tata da sunanki. Za ki yi shiru? Wasan nan da yaro ke dannawa, ɗaruruwan mutane ne su ka yi shekaru suna zana shi, suna rubuta shi, da shi su ke ci da iyalinsu. Ba ma sai mun je nesa ba. Ki tambayi masu shirya fina-finan Hausa a Kano yadda su ka ji sa'ad da kwafin sata da turi a waya su ka kashe kasuwar faifai. Malamai ma sun duba al'amarin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a taɓa ta.

Akwai kuma wata hujja da masu tsananta hukunci su ke kawowa, wadda ba ta raini ba ce. Sun ce in abin da za a karɓa daga mai laifi bai wuce abin da ya ci ba, to me ya rasa? In an kama shi ya mayar, in ba a kama shi ba ya tsira da riba. Lalle wannan gaskiya ne. Tilas a ƙara masa wani abu da zai ji a jikinsa, don na baya su ji tsoro.

Amma fa ƙari daban, halaka daban. In akuyar maƙwabciya ta shiga gonarki ta ci wake, mai unguwa zai je ya ga ɓarnar da idonsa, ya kimanta, ya ce a biya, ya ja kunne. Ba zai ƙidaya ganyen da ta tsinka ya sa wa kowane ganye kuɗin tunkiya ba. Lissafin kawuna kuwa haka ya ke. Cikin mutum dubu ɗari huɗun nan, babu wanda ya tsaya ya tantance nawa ne su ka leƙa sau ɗaya su ka tafi, nawa ne da ma ba su da kuɗin shiga dandalin kamfani ko da na satar bai wanzu ba. Tarar da mutum ba zai iya biya ba ko da zai yi rai goma, ba ta mayar wa mai haƙƙi kome, ba ta kuma bar wa mai laifi ƙofar tuba.

Ga wata hanya da aka gwada

Wannan kamfani na Blizzard ya sake gamuwa da wani dandali mai suna Nostalrius, wanda na'urarsa ke Faransa. Masu shi 'yan sa kai ne, sun buɗe shi a 2015 domin masu ƙaunar tsohon samfurin wasan, wanda kamfani ya daina bayarwa. Mutum wajen 800,000 su ka yi rajista. Da an yi musu lissafin dala 200, ki auna inda za a tsaya. Amma takardar gargaɗi lauyoyi su ka aika, su kuwa su ka rufe a watan Afrilu na 2016. 'Yan wasa fiye da 200,000 su ka sa hannu a takardar koke. Kamfani ya gayyaci shugabannin dandalin zuwa ofishinsa, aka zauna aka yi magana. A watan Agusta na 2019 ya fito da tsohon samfurin da kansa, jama'a su ka yi tururuwa suna biya. Mai haƙƙi ya sami haƙƙinsa har da riba, ba a kuma rusa rayuwar kowa ba. Ashe abin da a ke iya kwancewa da hannu, ba sai an sa wuƙa ba.

To, mu fa a gida?

Ƙila ki ce duk wannan labarin Turawa ne. To, saurara. A watan Maris na 2023, Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Dokar ta sa manhajar kwamfuta cikin abubuwan da ta kare, tare da littafi da waƙa da fim, ta kuma hana karya makullin da mai abu ya sa. A tsohuwar doka, mai buga kwafin sata tararsa ba ta wuce naira 1,000 a kan kowane kwafi, ɗauri kuwa ba ya wuce shekara 5. A sabuwar, tara ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyu. Wanda kuma ya baza kayan wani ga jama'a ta intanet domin neman kuɗi ba da izini ba, tararsa ba ta gaza naira miliyan 1, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyu.

Ki lura da kalma ɗaya da ta sauya. Da cewa aka yi "kada ya wuce", yanzu an ce "kada ya gaza". Da rufi aka yi wa alƙali, yanzu daɓe aka yi masa. Mafi ƙarancin albashi da aka ƙayyade a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata. Naira miliyan 1 ke nan ta fi albashin wata 14, ba ci ba sha. Ga babban ɗan kasuwa mai injin buga kwafi, wannan kuɗin goro ne. Ga saurayi mai tebur da laima a bakin tasha, mai tura wa mutane fim da wasa a waya, wannan sayar da gonar gado ne, da shanun huɗa, har da 'yan kunnen uwarsa.

Ra'ayina, in za a karɓa, abu huɗu ya kamata a duba kafin a yanke wa kowa hukunci. Nawa ya ci? Wace hasara ce ta tabbata ga mai haƙƙi? Kasuwanci ya ke yi ko sha'awa ce ta ƙuruciya? An gargaɗe shi ya ƙi ji, ko kuwa wannan ne karon farko? Wanda ya tara miliyoyi ya amayar da su, a ƙara masa ninki. Wanda bai ci kome ba, a rufe abin, a ja masa kunne, in da hali a nuna masa inda zai sayar da basirarsa ta halal. 'Yan majalisar da mu ke zaɓa su ke rubuta dokokin nan, su ne kuma ke da ikon gyara su. In sun zo neman ƙuri'a, ba laifi ba ne mace ta tambaya.

Abin da ke hannunki

Kafin a gyara doka, ga abin da za ki iya yi a ɗakinki. Na farko, ki san sana'ar ɗanki. In ya ce yana samun kuɗi a waya ko a gidan gem, ki zaunar da shi ki tambaye shi cikin lalama: abin nan da ka ke sayarwa, na wane ne? Ya ba ka izini? Ba sai kin iya kwamfuta ba, wannan tambayar ciniki ce, kin kuwa san ciniki.

Na biyu, kada ki ba da asusunki na banki ko layin wayarki a riƙa karɓar kuɗin da ba ki san tushensu ba, ko da ɗan cikinki ne ya roƙa. Kuɗin waya suna barin sawu, kuma sunan da ke kan asusu shi za a fara nema.

Na uku, in takardar gargaɗi ta zo, a tsaya nan take. In kuwa sammaci ne, kada a ɓoye shi ƙarƙashin katifa a ce Allah ya kyauta. Shari'un nan biyu na Amurka duka a bayan idon masu su aka yanke, babu wanda ya tashi ya ce lissafin nan bai yi daidai ba. Shari'ar haƙƙin mallaka a Nijeriya a Babbar Kotun Tarayya a ke yin ta, akwai kuwa reshenta a Katsina. A nemi lauya da wuri. In babu hali, a je a nemi shawara wurin hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, wadda aka kafa tun 1976.

Mu ne mu ke awo kullum, mun san mudun da aka cika da wanda aka tauye, mun kuma san wanda aka yi wa tozo don a cuci mai saye. Mu koya wa 'ya'yanmu kada su tauye haƙƙin kowa, mu kuma roƙi masu doka kada su yi wa hukunci tozon da zai danne ɗan talaka.

Allah ya shirya mana zuriya, ya kiyashe mu da tsayuwa gaban alƙali. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.