Ɗari ya shigo: shin akurkin kaji na buƙatar wuta?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Disamba, masu kiwon kaji a gida sukan shiga damuwa. Wani ya rataya ƙwan lantarki a akurki, wata ta kai kaskon gawayi ta ajiye, ta toshe ƙofa da buhu. Niyyar mai kyau ce, amma kazar da ta girma ba ta buƙatar wannan hidima, wani lokaci ma hidimar ce ke jawo asara.

Jikin kaza ya fi na ɗan Adam zafi, wajen digiri 41. Gashinta kuma shi ne bargonta: in ta ji sanyi sai ta buɗa shi ya riƙe ɗumin jiki, ta kwanta kan ƙafafunta, ta cusa baki cikin fuffuke. A Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko a tsakiyar Janairu, ma'aunin zafi da asuba yakan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 15. A Faransa kuwa ana kiwon kaji a bayan gida babu wuta, a wuraren da ruwa ke daskarewa. Mu ne ke karkarwa, ba kajin ba. Su lokacin wahalarsu shi ne zafin Afrilu da Mayu.

Haɗarin wuta a akurki bai tsaya ga gobara ba, ko da yake ita ma ta isa: zana ta bushe, ƙaiƙayi ya bushe, ga iska. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, irin wadda ke kashe mutane a ɗaki cikin barci. Sannan in aka toshe ko'ina, tururin kashin kaji da danshi sukan taru su lalata masu numfashi. Akurkin da kika shiga da safe wari ya sa idonki yaji, iska yake buƙata, ba wuta ba.

Abin yi bai kai haka tsada ba. A kare ɓangaren arewa da gabas, inda iskar ke fitowa, da zana ko buhu, a bar kafa ta sama. A shimfiɗa busasshen ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, a gitta sanda don su hau su kwana, a ƙara masu ɗan gero ko dawa da yamma.

To me ya sa kaji ke mutuwa da yawa a wannan lokaci? Sau da yawa cutar Niyukasul ce, wadda ke yaɗuwa sosai da hunturu, ta share akurki cikin kwanaki kaɗan, a ɗora wa sanyi laifi. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi. Kuɗin gawayi gara a kai shi wajen likitan dabbobi tun kafin ɗari ya kankama, kuma kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da sauran.

Inda maganar ta sauya shi ne ƴan tsaki. Waɗanda ke tare da uwarsu ita ke ɗumama su, wuri busasshe da ba iska kawai za a ba ta. Amma ƴan kwana ɗaya da ake sayowa cikin kwali dole sai da ɗumi: digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kusan digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe su, wajen mako biyar ko shida. Mai dogara da lantarki ya tanadi abin maye, domin ɗaukewar wuta ta dare ɗaya na iya sa su danne juna har su mutu. Wanda ba shi da ma'auni ya dubi tsakin: in sun cunkushe ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa, a ɗaga fitilar sama kaɗan.