Modem ko Rauta: Abin da Ya Kamata Mai Saka Intanet a Gida Ya Sani

Legas — Da yawa daga cikin masu son saka intanet a gidajensu ko shagunansu sukan shiga kasuwar kayan sadarwa ta Ikeja, wadda aka fi sani da Computer Village, ko kasuwar Alaba, da tambaya guda a bakinsu: modem za su saya ko rauta? Gaskiyar magana ita ce kowace daga cikin na'urorin biyu da aikinta dabam, kuma akwatin da aka fi miƙa wa mai saye a Nijeriya ya haɗa su duka biyun a cikinsa. Rashin sanin haka ya sa wasu sun kashe kuɗi a kan abin da ba zai yi musu aiki ba.

Modem ita ce na'urar da ke hulɗa da kamfanin da ke sayar da intanet. Saƙon kamfanin yakan iso ne ta wayar tagulla, ko ta zaren gilashi da ake kira fayiba, ko ta iska daga turakun kamfanonin wayar salula, ko kuma daga tauraron ɗan'adam, kuma kowace hanya da irin harshenta. Aikin modem aikin tafinta ne: ta juya saƙon layi zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, ta kuma juya na kwamfuta zuwa abin da layi zai iya ɗauka. Waɗanda suka yi amfani da intanet a ƙarshen shekarun 1990 ba za su manta da modem ɗin da ake jonawa da layin tarho na NITEL ba, wadda gudunta bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, kuma muddin ana kanta babu mai buga waya a gidan.

Ita kuwa rauta aikinta na cikin gida ne. Takan karɓi intanet ɗin da modem ta shigo da shi, ta raba wa wayoyi da kwamfutoci da talabijin da kyamarorin tsaro, ta ba kowace na'ura lambar adireshinta don kada saƙon wani ya faɗa wa wani. Ita ke watsa Wi-Fi, ita ke riƙe da kalmar sirri. Saboda haka modem zalla na'ura ɗaya kawai take wa aiki, rauta zalla kuwa ba ta kawo intanet ko kaɗan. Wanda ya ga rauta mai eriya huɗu da araha ya saya, ya isa gida yana neman ramin saka katin sim bai samu ba, to ya sayi rauta zalla ke nan, wadda ke jiran a jona mata waya daga modem.

Asalin wannan ruɗani yana cikin tarihin sadarwa a ƙasar nan. A Turai da Amurka wayoyin tarho sun riga sun shiga kusan kowane gida, don haka aka saba da modem dabam, rauta dabam. A Nijeriya kuwa layukan tarho na ƙasa ba su kai rabin miliyan ba lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairun 2001. Intanet ya iso yawancin gidaje ne ta iska. Da farko an yi yayin ɗan ƙaramin abin nan da ake soka wa kwamfuta da katin sim a cikinsa, wanda shi ne ya kafa kalmar modem a bakin jama'a. Daga baya aka samu ta aljihu mai batir, wato MiFi, sa'an nan babban akwatin da ake ajiyewa a kan tebur. Waɗannan biyun na ƙarshe modem ce da rauta a haɗe, ko da wane suna mai shago ya kira su.

Ke nan tambayar da ta kamaci mai saye tun farko ita ce, wane layi ne ya iso unguwarsa? Layin ne ke zaɓen modem. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, ta Equiano kuma ta iso Legas a 2022, amma fayiba mai shiga har cikin gida ta fi yawa ne a wasu unguwannin Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan. Inda ta iso, kamfanin ne ke zuwa da nasa akwatin ya kafa, kuma ba kasafai wanda aka sayo a kasuwa ke aiki a kan layinsa ba. Ga gida ko ofis mai yawan aiki, fayiba ce ta fi kwanciyar hankali.

Inda babu fayiba, sai akwatin katin sim. An yi gwanjon lasisin 5G a watan Disambar 2021, MTN ta fara aikin a 2022, Airtel kuma a 2023, sai dai har yanzu a birane ya fi ƙarfi. Akwatin 5G a unguwar da babu 5G zai koma aiki da 4G ne, alhali an biya kuɗinsa mai tsada. Gwajin kuwa ba wuya: a saka katin kamfanin a wayar da ke ɗaukar 5G, a duba gudunsa a cikin ɗakin da za a ajiye akwatin, musamman da daddare lokacin da jama'a suka yi yawa a kan turke ɗaya. Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, tana zuwa da farantinta da rautarta tare. Ta fi amfani a wuraren da sabis bai isa ba, amma tana da tsada, tana son sararin sama a buɗe, kuma ta fi sauran cin wuta.

Akwai kuma batun kulle. Akwatin da kamfanin waya ke sayarwa da rangwame galibi katinsa kaɗai yake karɓa. Wanda ba a kulle ba ya fi tsada, amma mai shi na iya canza kati duk ranar da sabis ya lalace ko farashi ya motsa, kamar yadda ya faru bayan da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Ga ɗan kasuwar da cinikinsa ya dogara ga tura kuɗi ta banki, wannan bambancin farashi ba asara ba ne. Sai dai a kula da akwatunan da ake shigowa da su daga waje, domin wasunsu ba sa kama zangon da kamfanonin ƙasar nan ke aiki da shi. Wanda NCC ta tantance shi ne abin saye.

Sayen rauta ta dabam kan zama dole ne idan gida babba ne, ko bene ne mai dakin, ko na'urorin sun yi wa akwatin kamfani yawa. Rauta mai zango biyu ta fi: zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango da nisa, na gigahaz 5 ya fi gudu amma ba ya nisa. A duba ramukan wayar da ke bayanta, domin ramin megabit 100 zai shaƙe layin da ya fi haka gudu. Mai megabit 1,000 ake nema. Amma komai tsadar rauta ba za ta ƙara wa layi gudun da ba a biya ba. Haka nan tsarin da ake tallatawa da sunan data mara iyaka sau da yawa yana da ƙa'idar rage gudu idan an kai wani adadi, kuma wannan ba laifin na'ura ba ne.

Wutar lantarki ma abin lissafi ce. Yawancin waɗannan akwatuna da bolt 12 suke aiki, wutar da suke ci ba ta taka kara ta karya ba, don haka ƙaramin batir na musamman zai riƙe su sa'o'i bayan an ɗauke wuta ba sai an tayar da janareta ba. MiFi tana da batirinta, amma na'urori kaɗan take ɗauka, kuma batirin kan kumbura idan aka bar ta a caji dare da rana.

Ko wace aka saya, a ranar da aka kafa ta ya kamata a canza kalmar sirrin da ke rubuce a ƙarƙashin akwatin. Mai shago kuma da ke ba abokan ciniki Wi-Fi ya buɗe musu layin baƙi dabam, kada su hau layi ɗaya da kwamfutar da ke riƙe da lissafin kasuwancinsa.