Kafin ka sayi keke: abin da ya raba keken tsauni da sauran kekuna

Mutum yakan shiga kasuwa neman keke, sai idonsa ya faɗa kan wanda ya fi cika ido: tayoyi masu kauri da ƙuraje, sifirin gaba da baya, giya 21, fenti yana sheƙi. Mai sayarwa ya ce, “Alhaji, ai wannan shi ne mai ƙarfi, na hawa dutse ne.” Ya biya ya tafi. Kafin damina ta zagayo giya ta fara tsallake, sifirin baya yana ƙara, shi kuwa kullum sai ya isa wurin aiki sharkaf da gumi, alhali hanyarsa kwalta ce shimfiɗaɗɗiya, babu tudu babu gangare. An sayar masa da keken da aka ƙera don wata hanya daban, kuma sau da yawa ma kwaikwayonsa aka ba shi.

Saboda haka tun daga gida ya kamata mai saye ya amsa wa kansa tambayoyi uku. Wace irin hanya zan riƙa bi kullum? Me zan ɗora a kan keken? Idan ya lalace, mai gyaran unguwarmu yana da kayansa? Amsoshin nan su ke zaɓen keke, kuɗin aljihu kuma ya yanke sauran.

Keken da iyayenmu suka sani, baƙin nan mai taya inci 28 da birkin sandar ƙarfe, har gobe yana da ranarsa. Irinsa ne kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma da shi, daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka biyo sahu. Giyarsa ɗaya ce, nauyinsa yana kaiwa kilo 20, kuma ba ya son hawa tudu. Amma jikinsa ƙarfe ne da kowane mai walda zai iya ɗinkewa, kariyarsa tana ɗaukar jarkokin ruwa ko buhun hatsi, kacarsa tana da murfi don kada ta ci bakin wando ko gefen riga, kuma da wuya ka je kasuwar ƙauyen da za a rasa tayarsa ko boris ɗinsa. Ba a banza ba ƙungiyar World Bicycle Relief, da ta tashi ƙera keken Buffalo don karkarar Afirka, ta koma wa wannan tsari na ƙarfe mai kauri da sauƙin gyara, ta yi masa kariya mai ɗaukar kilo 100. Wanda sana'arsa ɗaukar kaya ce a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Maraɗi, ban ga abin da zai raba shi da wannan keke ba.

Keken tsere kuwa, mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe, na kwalta mai kyau ne kawai. Faɗin tayarsa milimita 25 zuwa 32 ne, nauyinsa bai cika wuce kilo 10 ba, gudunsa babu kama hannun yaro, amma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa masa wili. Tsakaninsa da keken tsauni akwai wani na tsaka-tsaki, mai miƙaƙƙen kai da taya matsakaiciya marar manyan ƙuraje. A ganina shi ne ya fi dacewa da ɗalibi da ma'aikaci da ke haɗa kwalta da burji a tafiya ɗaya, sai dai bai cika burge ido a shago ba, shi ya sa ake wuce shi.

Shi keken tsauni yaro ne a cikin kekuna. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tattaro tsofaffin kekunan Schwinn masu faffaɗar taya suna gangarowa da su daga duwatsun yankin. A 1976 suka fara wata gasa a gangaren da ke sauka kimanin mita 400 cikin kilomita 3, inda birkin baya yake yin zafi har man giris ɗin cikinsa ya ƙone, sai an sake cika shi. Da tsofaffin kekunan suka kasa jure wannan azaba, Joe Breeze ya ƙera sabon firam musamman don aikin a 1977, Gary Fisher da Charlie Kelly da Tom Ritchey suka shiga ƙerawa da sayarwa, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper da yawa zuwa shaguna. A 1996 tseren keken tsauni ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin duk abin da ka gani a jikin keken amsa ce ga matsalar mutumin da ke saukowa daga dutse da gudu.

Ɗauki taya. Faɗinta yakan wuce inci 2, kuma iskar da ake ɗura mata ba ta kai rabin ta keken tsere ba, don ta riƙa lotsawa tana rungumar tsakuwa da saiwoyi maimakon ta yi tsalle a kansu. Ƙurajen jikinta suna nutsewa cikin ƙasa mai laushi su riƙe ta. A kan kwalta kuwa babu inda za su nutse, sai su riƙa lanƙwashewa suna wannan gurnani da ake ji, kuma daga cinyar mai tuƙi ake biyan ƙarfin da ke tafiya a nan. Girman wilin ma ya sauya. A da duk inci 26 ne, yanzu sababbi sun koma 27.5 da 29, domin babban wili ya fi haye dutse da rami cikin sauƙi. Amma a kasuwanninmu tayar inci 26 ta fi sauƙin samu nesa ba kusa ba, kuma wannan kaɗai dalili ne babba.

Sai shokozoba, inda nan ne aka fi cutar masu saye. Akwai keken tsauni mai shokozoba a gaba kawai, akwai mai gaba da baya, akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya, kamar na farkon zamani. Ana bambanta su da tsawon lotsawar shokozobar. Na tsere a daji, wanda ake hawa tudu da sauka da shi, yana lotsawa milimita 100 zuwa 120 kuma ba shi da nauyi. Na yawon duwatsu yana kaiwa 150. Na gangara zalla yana da kusan 200, nauyinsa kuma ya sa masu shi sukan hau saman dutse da mota ko lilon igiya, su sauko a kansa. Shokozobar ƙwarai tana da mai a ciki wanda ke hana ta dawowa da ƙarfi bayan ta lotsa, kuma ita kaɗai tana iya fin keken talaka gaba ɗaya tsada. Abin da ake saka wa kekuna masu araha kuwa sifirin ne tsurarsa. Kana taka feda yana lilo da kai, wani kaso na ƙoƙarinka yana tafiya sama da ƙasa maimakon gaba, ga ƙarin nauyi, ga mahaɗar firam ɗin da ke sakwarkwacewa ba a daɗe ba. Idan kuɗinka kaɗan ne, ka guji mai sifirin a baya. Mai shokozoba a gaba kawai, ko ma marar ita, zai fi shi ƙarko da sauƙin tuƙi a farashi ɗaya.

Yawan giya ma kada ya ruɗe ka. Giya 21 tana nufin faranti 3 a gaba da 7 a baya, kuma da yawa daga cikin haɗin maimaita juna suke yi. Manyan kekunan tsauni na yau faranti ɗaya suke da shi a gaba, 11 ko 12 a baya. Abin nema shi ne giya mai sauƙin da za ta hau da kai tudu kana zaune. A Jos ko Mambila wannan ni'ima ce, a cikin birnin Katsina kuwa za ka iya shekara ba ka taɓa ta ba. Ka kuma sani cewa ƙarfen da ke sauya wa kaca wuri yana rataye ne ƙasa-ƙasa ta hannun dama, keke yana faɗuwa ta wannan gefe sai ya lanƙwashe, giya ta rikice.

Birkin faifai, wanda ke kama wani ƙaramin faranti a tsakiyar wili, ya fi kamawa cikin ruwa da taɓo. Iri biyu ne, na waya da na mai. Na mai ya fi ƙarfi da laushi a hannu, amma ranar da ya sha iska ko ya yi yoyo ba kowane mai gyara ke da mansa da kayan aikinsa ba. Na waya kowa zai iya gyara shi.

Akwai abubuwa biyu na ƙasarmu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko rairayi. Keken tsauni ya fi siririyar taya a hanyar yashi, musamman idan an ɗan rage masa iska, amma yashi mai zurfi irin na hanyoyin ƙauyukan Damagaram yana kayar da shi ma. Wanda aka yi don wannan shi ne mai ƙatuwar taya ta inci 4 zuwa 5, wanda kuma tayarsa ke da tsada da wuyar samu. Na biyu ƙaya. Ƙurajen taya ba sa hana tsidau shiga, ta tsakaninsu yake bi. Masu kekuna na zamani suna cire tiyub su zuba wani ruwan danƙo a cikin tayar wanda ke toshe ƙananan huji da kansa, sai dai yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafi irin namu ma ya fi saurin bushewa. Ga yawancinmu taya mai kaurin fata da sanin wurin mai faci sun wadatar.

Duk nau'in da ka zaɓa, sai ya yi daidai da jikinka. Ka tsaya da firam a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, ka ga akwai tazara tsakaninka da sandar sama, a keken tsauni kamar faɗin yatsu uku ko fiye. Ka hau sirdi, idan feda ta kai ƙasa gwiwarka ta kusa miƙewa amma da ɗan lanƙwasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gwiwar da ake ɗora wa keke laifinsa. Iyaye kuma su daina saya wa yaro babban keke wai zai girma ya tarar da shi. Kekunan yara suna tafiya ne da girman wili, inci 12, 16, 20 da 24, kuma yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba ko yatsunsa ba su kai birki ba yana cikin haɗari a titi.

Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan sau da yawa sun fi sabon kwaikwayo inganci, in dai an duba da kyau. Ka bi duk mahaɗar walda da ido kana neman tsaga, musamman a firam ɗin alminiyam, domin shi ba kamar ƙarfe ba ne, ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba. Ka ɗaga keken ka juya kowane wili ka ga ko yana rangaji. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuyansa boris ya saki. Ka dubi haƙoran faranti, in sun yi tsini sun cinye, kuma canza su da kaca tare zai ƙara maka kuɗi. Sannan ka ce wa mai kaya ya bar ka ka zagaya da shi, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya kana takawa da ƙarfi, domin giyar da ke tsallake ba ta nuna halinta sai an ɗora mata nauyi.