Mai Juna Biyu da Maganin Ƙaiƙayi

Darasinmu na yau na mata masu juna biyu ne. Maigida, kai ma ka kasa kunne, don sau da yawa kai ne mai sayo magani.

Ƴar'uwa, in kina da ciki, wata rana kina iya jin ƙaiƙayi a gabanki, ki ga farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Wannan ba abin kunya ba ne. Wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, ana ce mata kandida. Ciki yana sauya jikin mace, shi ya sa take samun wurin yaɗuwa. Zafin Agadas da gumi suna ƙara mata ƙarfi. Makero da ƙyasbi ma danginta ne.

To, maganinta zai taɓa ɗan da ke cikinki? Maganin iri biyu ne, ki bambanta su.

Na farko shi ne na shafawa da na matsi. A jikin kwali za ki karanta Clotrimazole, ko Miconazole, ko Nystatine. Aikinsu a kan fata yake. Abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, don haka ake ba masu ciki su. Mai ciki takan yi kwana 7 tana matsi. Ko ƙaiƙayi ya lafa, ki cika kwanakin. Ki wanke hannu da sabulu, ki sa maganin da yatsa, da dare. Ki aje shi a wuri mai sanyi, kamar gindin randa, don zafi yana narkar da shi.

Na biyu shi ne na haɗiya, kamar Fluconazole, da Griséofulvine na makero. Wannan yana bin jini har ya kai ga ɗa. Yana iya jawo ɓari ko ya naƙasa jinjiri. Kada ki sha sai da umurnin likita.

Kada a saya wajen masu talla a kasuwa. Ki je wajen awon ciki, ungozoma ta duba ki tukuna. In ruwan yana wari, ko kin ga jini, ko kina masassara da ciwon mara, ba kandida ba ce kaɗai. Ki hanzarta zuwa asibitin uwa da yara na Agadas, ko wanda ke kusa da ke.

Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta sunan da ke jikin kwali. Allah ya sauke ku lafiya. Sai mako mai zuwa.