Don me jinjiri yake tashi da dare?

Dare ya raba, gari ya yi tsit. Ba a jin komi sai haushin karnuka can bayan gari. Sai kukan jinjiri ya tashi daga ɗakin mai jego. Karo na huɗu ke nan tun bayan sallar lisha. Uwar yarinya ce ƙarama, haihuwarta ta fari. Ta tashi zaune, ido a rufe, ta ba shi nono. Ya tsotsa kaɗan ya yi barci. Tana shimfiɗe shi, ya sake buɗe baki.

Gari na wayewa kowa ya kawo nashi ra'ayi. Tsohuwar gida ta ce: "Ke ƴar nan, nonon nan naki ba ya ƙosar da shi. A ba shi ruwa, a dafa mishi bauri." Maƙwabciya ta ce baki ne ya kama shi. Wata ta ce akwai wani magani na kwalba a kasuwa, cokali ɗaya, yaro sai safe. Mai jego ba ta ce komi ba sai "To, inna." Ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta yi magana a kanshi gaban manya.

Irin wannan safiya babu ƙauyen da ba a yin ta, daga Madawa har Magariya. Kuma sau da yawa yaron da ake ta shawara a kanshi lafiyarshi ƙalau.

Cikinshi ƙarami ne

Ranar da aka haifi jinjiri, cikinshi ba ya ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu a sha guda. Bayan sati ɗaya ya kai kamar ƙwan kaza. Nonon uwa kuwa ba ya daɗewa a ciki, wajen awa 2 ya narke ya wuce. To, ƙaramin ƙoƙo ba ya ɗaukar ruwan kwana. Shi ya sa sabon jinjiri yake neman nono sau 8 har 12 tsakanin safiyar yau da ta gobe, kuma dole wasu su faɗo cikin dare.

Makiyaya sun san wannan tun kafin a rubuta shi a takarda. Saniyar da aka raba da maraƙinta, nononta janyewa yake. Ga mace ma haka ne: tsotso shi ke kawo nono. Tsotson dare ya ma fi ƙarfi, domin da dare ne jikin mace ya fi fitar da sinadarin da ke sa nono ya taru. Idan aka cika cikin yaro da ruwa ko kunu don ya kwana bai tashi ba, tsotso ya ragu, nono ya ragu. Sai maganar tsohuwa ta zama gaskiya, alhali da farko ba gaskiya ba ce.

Ana gane yaron da ke ƙoshi ba tare da an tatsa nono a ƙoƙo an jefa tururuwa ciki ba, kamar yadda ake yi a wasu wurare. Bayan kwana 5 da haihuwa, in yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da dare, fitsarin ba ja ba, kuma nauyinshi yana hawa a wurin awo, to nono ya ishe shi.

Akwai wata riba da maigida ya kamata ya sani. Macen da ba ta ba ɗanta komi sai nono, dare da rana, yaron bai cika wata 6 ba, jinin wata kuma bai dawo mata ba, da wuya ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki a kan goyo. Cikin mata 100 masu wannan hali, waɗanda ke ɗauka ba su wuce 2 ba. Amma da ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan uku ya faɗi, kariyar ta faɗi, sai a nemi shawara a likita.

Barcin jinjiri dabam yake da na babba

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana a shekarar 2019 cewa jinjiri daga haihuwa zuwa wata 3 yana bukatar barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda. Daga wata 4 zuwa 11, awa 12 zuwa 16. Barci ne mai yawa, amma gutsi-gutsi yake yin shi. A cikin ciki babu rana babu dare, saboda haka ya zo duniya bai san bambancinsu ba. Sai ya kai wata 2 ko 3 jikinshi yake fara ganewa.

Kusan rabin barcinshi kuma marar nauyi ne. A nan ne za a ga yana motsa baki, yana yamutsa fuska, yana ɗan ƙugi, ido na rawa a rufe. Mutane kan ce yana mafarki. Uwa sabuwa tana jin motsin sai ta sure shi, alhali bai farka ba, ita ce ta tashe shi. In ta ɗan dakata, ta ɗora mishi hannu a ƙirji, sau da yawa komawa yake. Wannan kuma shi ne dalilin da yake farkawa in an shimfiɗe shi da zarar ya saki nono. A bari kamar minti 20, hannunshi ya yi laushi ya saki, sannan a kwantar.

Kar a ce yaran Turawa ba su yin haka. A shekarar 2018 masu bincike a ƙasar Kanada sun fitar da sakamakon bin jarirai kusan 400 da suka yi. Cikin 100 masu wata 6, 38 ba su yin awa 6 a jere ba su farka ba. Cikin 100 masu shekara ɗaya, 28 suna nan suna farkawa. Kuma ba a ga cewa masu farkawar sun kasa sauran wayo ko ƙwarin jiki ba.

Abin da ke taimaka wa yaro ya gane dare ba shi da tsada. Da rana a fito da shi inuwa, ya ga haske, ya ji dakan turmi da hirar mutane. Da dare in ya tashi a ba shi nono shiru, ba wasa, ba a haska mishi tocila a ido.

Wahalar bayan arba'in

A nan ne al'ada da halittar yaro suka yi karo, kuma mutane kaɗan suka lura. Mai haihuwar fari takan yi jegonta a gidan iyayenta. Kwana 40 ana dafa mata ruwa, ana dama mata kunu, ba ta daka, ba ta zuwa rijiya. In yaro ya yi kuka akwai hannun kaka. Ana cika arba'in sai a maida ta ɗakinta. Turmi na jiranta, da tulu, da itace, in damina ce har da gona.

To, kukan jinjiri kuwa daidai wannan lokaci yake kai ƙarshen yawanshi. Yakan fara ƙaruwa daga sati 2, ya yi tsanani wajen sati 6, wato kwana 42, sannan ya lafa a wata na 3 ko na 4. Ya fi yin shi da marece zuwa farkon dare, wani lokaci ba yunwa, ba ciwo, ba dalilin da ake gani. Ashe ranar da taimako ya ƙare, ranar ce aka fi bukatarshi. Sai dangin miji su ce yaro ya ƙi gidan ubanshi, ko uwar ba ta iya goyo ba. Ba ko ɗaya.

Macen da ta tashi sau 5 cikin dare, ta kuma tashi da asuba ta kama taɓarya, ba za ta daɗe ba ta gaji. Maigida yana da abin yi a nan, kuma ba abin kunya ba ne. Ya kai hatsi inji maimakon daka. Ya ɗebo ruwa da amalanke. Ya nemo ƙanwarshi ko wata ƴar uwa ta zauna wata ɗaya ko biyu. Abokiyar zama ta karɓi girki, gobe ita ma za a yi mata. In yaro ya yi barci da hantsi, a bar uwar ta kwanta tare da shi, kar a kira ta raguwa. Idan kuma aka ga ta daina cin abinci, tana kuka ita kaɗai, ba ta son ɗaukar yaron, kwana da kwanaki, wannan ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma ana maganinshi a likita.

Wanda kuka ya ishe shi ya miƙa yaro ga wani, ko ya kwantar da shi wuri mai kyau ya fita ya sha iska. Girgiza jinjiri da ƙarfi don ya yi shiru yana fasa jijiyoyin jini a cikin kanshi. Yana makantarwa, yana kashewa.

Abin da ake ɗura mishi

Tun shekarar 2001 OMS ta tsaida shawara cewa yaro ya sha nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙara mishi. Mutanen karkara kan ce, da zafin bazara na Tawa ko Damagaram, yaya rai zai zauna ba ruwa? Amsar tana cikin nonon: kashi 87 cikin 100 nashi ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta. Uwa ta sha ruwa ta ƙoshi, ta ƙara yawan ba shi nono. Ruwan tulu da bauri da jiƙe-jiƙe suna cika ɗan cikin ba su ciyar da shi, kuma ta nan zawo ke shiga. Zuma ma ba a ba yaro ita sai ya shekara. Addu'a ba ta ɓata komi. In an karɓo rubutu, uwar ta sha. Laya mai igiya kuwa a cire ta daga wuya lokacin kwanciya.

Mafi muni shi ne maganin kwalba na masu talla a kasuwa, na mura ko na barci. Yaro yakan yi shiru, gaskiya ne. Amma ba barcin lafiya yake ba, maganin ne ya danne shi, kuma yana iya danne numfashin tare.

Shimfiɗar dare

Jinjiri rigingine ake kwantar da shi, bayanshi a ƙasa, dare da rana, har ya shekara. A Ingila an yi wa iyaye wannan gargaɗi a shekarar 1991, a Amurka a 1994. Bayan haka yawan jariran da ake iskewa sun mutu cikin barci ba ciwo ya ragu da fiye da rabi. Tsofaffi suna tsoron kar tumbuɗi ya shaƙe shi. Amma in yana rigingine hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, sai tumbuɗin ya koma inda ya fito. Rub da ciki ne ke toshe hanci.

A karkara uwa da ɗanta shimfiɗa ɗaya suke kwana, kuma hakan yana sauƙaƙa shayarwa. Sai dai a kiyaye. Tabarma ko katifa mai tauri ta fi mai laushi da ke lotsawa. Ba matashin kai, ba tulin zannuwa kusa da fuska. Kar a sa shi tsakanin yayyenshi, domin yaro mai barci bai san ya danne ƙanenshi ba. Wanda ya sha taba ko wata ƙwaya mai sa maye ko barci kar ya kwana kusa da shi. Uwa da ɗa su shiga gidan sauro, wato sange, ko ba damina ba, a cusa bakinshi ƙarƙashin shimfiɗa.

Lokacin ɗari, a Disamba da Janairu, ana shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci, jinjiri kuwa shi ne na farko. A ɗumama ɗaki, a fitar da wutar kafin a kwanta. A rugga, inda sanyi ya fi shiga, jikin uwa ya fi kowane bargo. In an taɓa ƙeyar yaro aka ji gumi, tufafin sun yi yawa.

Wanda ba ya tashi

Yaron da ke tashi ya yi kuka da ƙarfi, ya kama nono da ƙarfi, ya koma barci, bai cika zama abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda ake yabo, ana cewa ba shi da rigima, ga shi ya kwana bai nemi nono ba. A satin farko da na biyu, jinjirin da ya wuce awa 4 bai sha ba, a tashe shi. Bakwaini da wanda aka haifa ƙarami ba su da ƙarfin yin kuka, su kam duk awa 2 ko 3 ake tashinsu.

Ga jinjirin da bai kai wata 2 ba, akwai alamun da ba a kwana da su. Ya ƙi nono, ko ya kama ya saki ba ƙarfi. Ba ya motsi sai an taɓa shi. Jikinshi ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau duk da an rufe shi. Yana fizge-fizge. Tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya. Ƙasan haƙarƙarinshi yana lotsawa ciki sosai in ya ja numfashi. Ko kuma numfashin ya yi sauri: a duba agogo ko salula, a ƙirga minti ɗaya cif lokacin da ba ya kuka, in ya kai 60 ya yi yawa. Ga wanda ya girma kaɗan, kar a ɗora komi a kan haƙori. Haƙori yakan sa yaro ƙiwuya da tashin dare wajen wata 6, amma zafin jiki mai ƙarfi da zawo ciwo ne dabam.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauki matakin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocinta. Duk da haka nisa da dare suna sa mutane su ce a bari gari ya waye. Ciwon sabon jinjiri ba ya jiran safe, cikin awoyi kaɗan yake cin ƙarfinshi. Tun mace tana da ciki ya kamata maigida ya san mai babur ko mai amalanken da zai buga wa ƙofa da tsakar dare. A hanya uwa ta sa yaron a ƙirjinta, fata da fata, ta rufa da zane ta bar fuskar a buɗe, tana gwada ba shi nono har su isa. Kar a manta da takardar awo.